Kwana Biyu Ana Min Dariya, Haƙorana a Sarƙe

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban rubuta komai a nan ba, har wasu sun ce na tafi Libiya. Ban je ko'ina ba. A gadon likita nake, kuma saura ƙiris ku ji sanarwa a masallaci.

Wanda ya san shagona na cajin waya a kasuwar Belbeji ya san ciwona: katun ɗin Japan. Akwai wani da nake tura wa mutane a waya, na wani jarumi mai ƙarfin tsiya amma sakarai. Dodo zai taso cinye gari, shi kuma garin ceto sai ya rushe gidan mutane. Daga nan ya sandare wuya, ya yashe haƙora don kunya. Abin da ya sa nake son sa ke nan, duk tashin hankalin da ake ciki sai ya ba ka dariya. Na iya kwaikwayon fuskar nan tasa sosai. In na yi wa matata Rakiya laifi, ita nake yi mata, ta huce.

Ranar kasuwar Tarka na taka wata tsohuwar wayar ƙarfe a turken dabbobi. Ta huda takalmi ta shiga tafin ƙafa. Wani dattijo mai raƙuma ya ƙona busasshen kashin raƙumi, ya cusa min tokar a ramin, ya ce haka suke yi a daji. Jini ya tsaya. Na yi godiya, na hau babur.

Bayan mako guda, da safe, na kasa tauna tuwon ɗumame. Muƙamuƙina ya yi tauri.

Washegari wuya ya sandare. Leɓuna suka ja baya da kansu, haƙora a waje.

Rakiya ta dube ni ta fashe da dariya. Ta ce, “Kai Malam, me ka ɓata kuma?”

Na ce mata ta cikin haƙora ba wasa nake ba. Muryar ma ta fito kamar ta wasan. Ta ƙara dariya, har da riƙe ciki. A shago ma haka. Abokai suka taru suna ɗaukata hoto, wai yau na fi mai abin iyawa.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan biyu ba. Kana ji a jikinka wani abu yana ɗaure ka a hankali, kana roƙon taimako, fuskarka kuma tana murmushi.

Rana ta uku da hantsi Rakiya ta saki kwano a ƙasa. Ƙarar kawai ta isa. Bayana ya lanƙwashe baya, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa tabarma, numfashi ya tsaya. Ina jin ta tana salati, tana kiran Inna.

Inna, mahaifiyata, ta ce iska ne, a kira malam. Yayana Usaini ya ce a kira, amma muna cikin mota a hanyar asibiti.

Majo, ma'aikacin jinya na asibitin wajenmu, bai tambayi komai ba sai da ya juya ƙafata. Ya ga ramin da toka. Ya ce, “Tetanos ce, cutar sarƙe haƙora. Ku wuce Damagaram yanzu, kar ku tsaya ko sallah sai kun isa.”

Hanyar nan ba zan manta ta ba. Duk ramin da mota ta faɗa, sai jiki ya sake murɗewa.

A can aka sa ni ɗaki ni kaɗai, aka rufe taga da bargo. Ba haske, ba magana, ba waya. Aka yanke ramin ƙafar aka kwashe ƙazantar. Allurai ta cikin ƙarin ruwa safe da yamma. Kunu ta robar hanci. An sayar da ragon da muka ajiye wa layya, bai isa ba, aka haɗa da babur.

Lokotoro, wato likita, ya ce wa Usaini a bakin ƙofa, yana zaton barci nake, “In ta kama maƙogwaronsa, sai dai addu'a. Kowa ya yi shiru.”

Wata rana a cikin duhun nan jarumin nawa ya faɗo min a rai, yana tsaye kan gidan da ya rushe. Dariya ta taso min daga ciki. Na ji ƙirjina ya soma ɗaurewa. Na yi ta karanta duk abin da na sani har ta koma. Ni da nake cin abinci da ba mutane dariya, ga ni ina roƙon Allah kar ta zo.

Kwana ashirin da uku kafin cokali ya shiga bakina.

Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka riƙa tafiya da sanɗa saboda ni. Na gode wa Usaini, da Inna, da ku da kuka yi ta tambaya.

Don Allah, in ƙarfe ko ƙaya ta huda ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku je a yi muku allurar tetanos ranar. Kar toka, kar kashin dabba, kar man birki. In mutum ya ce bakinsa ba ya buɗuwa, ku yarda da shi, ko da shi ne sarkin barkwancin unguwa.

Na koma kallon katun ɗina, yana nan da daɗinsa. Amma Rakiya ba ta zama kallo da ni yanzu. Na ce mata ba laifinta ba ne, ni na saba mata.

Jiya na yi dariya a tsakar gida. Ta ajiye tsintsiya, ta zo ta tsaya a gabana, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Malam, buɗe bakinka in gani.”