Muryar Haya

Duk wanda ya taɓa kunna rediyo a garin ya ji muryar Hawainiya, ko da bai san ita ba ce. Ita ce uwar da ke yabon sabulun wanki da safe, ita ce yarinyar da ke birgima sai an saya mata biskit, ita ce kuma tsohuwar da ciwon gwiwa ya saki bayan ta shafa man zafi. Amma ka tare mutum a titi ka tambaye shi ko ya san ta, sai ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Babanta mai gyaran rediyo ne. Shagonsa wani ɗan ɗaki ne a bakin gidansu, cike da rediyoyin da aka farke cikinsu, kowacce da tashar da ta maƙale a kai. A nan ta tashi. Duk mawaƙin da ya fito a rediyo, kafin ya kai baiti na biyu ta ɗauke muryarsa, namiji ne ko mace. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan, ranar da ta kira shi daga bayan ƙofa da muryar babansu, ya taso a guje har yana tuntuɓe da bokiti.

"Ke dai hawainiya ce," in ji shi yana haki. "Amma ki kiyayi ramata."

Da ta zama budurwa sai ta fara tsara waƙoƙinta. Wata rana ta ɗaure fuska ta hau benen da sitidiyo yake, a saman shagon masu sayar da taya. Ɗakin ɗaukar murya bai fi banɗaki girma ba, an manna masa tsofaffin katifu a bango, ga zafi kamar tanda domin dole a kashe fanka idan za a ɗauka. Mai wurin, wanda kowa ke kira Injiniya, ya saurare ta yana sakace haƙori. Da ta gama ya ce ta yi masa muryar ƙaramar yarinya. Ta yi. Ya ce ta tsohuwa fa? Ta yi. Sai ya yar da tsinken ya gyara zama.

"Ƙanwata, kin samu aiki."

"Waƙoƙina fa, Injiniya?"

"Za a zo kansu. Yanzu dai shiga ki yi mana amshi, muna da baƙo."

Haka ta shiga, kuma wankin hula ya kai ta dare. Ta yi wa masu waƙar soyayya amshi, ta yi wa masu waƙar rawa, ta yi wa masu waƙar wa'azi. Akwai faifan da ita kaɗai ce 'yan amshi su huɗu, Injiniya ya jera muryoyinta ɗaya kan ɗaya, har wani mai sauraro ya bugo waya gidan rediyo yana cewa ta ukun nan ta fi sauran iyawa. A cikin waɗannan shekarun ta auri wani mai gyaran firij, mutum mai sanyin hali kamar kayan sana'arsa, ta haifi yara biyu. Duk lokacin da ta ɗago maganar waƙoƙinta, Injiniya ya ce kasuwa ba ta nuna ba tukuna.

Sai ga wani Darakta ya zo neman murya. Yana shirya fim, akwai wurin da jarumar za ta tsaya a taga tana jiran mijinta da ya yi tafiya, kuma jarumar, wadda ake kira Tauraruwa, kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa amma idan ta buɗe baki da waƙa sai ka ce ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Hawainiya ta ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin da ta daɗe tana ɓoyo, ta gyara mata baiti, ta rera. Ranar ba ta ari muryar kowa ba. Da ta fito daga ɗakin katifu ta tarar Injiniya ya juya baya yana share ido, wai hayaƙin janareto ne.

Fim ya fito, waƙar taga ta cika gari. A motar haya ita ce, a shagon aski ita ce, masu wanki a bayan gida ita suke yi. Kowa kuma cewa yake, "Kai, Tauraruwa akwai murya!" Hawainiya ta zaunar da mijinta da yaranta gaban talabijin don su ga sunanta a ƙarshen fim. Sunaye suka fara hawa: jarumai, masu ɗaukar hoto, mai kwalliya, direbobi. Ana dab da isowa kanta gidan talabijin ya yanke ya sako talla. Tallar sabulun wanki ce, da muryarta.

Mijin ya yi ƙoƙari ya danne dariya, ta ƙi dannuwa.

"Yi dariyarka, Baban yara," ta ce. "Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi."

Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru ne a kan dandamali. An shirya babban wasa a wani zauren taro da yamma, Injiniya ya yi ruwa ya yi tsaki aka sa ta cikin masu fitowa. Ta ɗinka sabuwar riga, ta hana kanta ruwan sanyi mako guda. Mai gabatarwa ya kira ta, aka yi tafi jefi-jefi. Ta fara da waƙar rawa, mutane suka ɗan motsa. Sai makaɗa suka juya kiɗa, ta ɗauko waƙar taga.

Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba wani ya ɗaga murya daga baya.

"Malama, bar wa mai abu abinta!"

"Kwaikwayo ne! A kawo mana mai waƙar!"

Robar ruwa ta faɗo kusa da ƙafarta. Ta ci gaba, muryarta ba ta ko girgiza ba, amma ihu ya rufe ta. Mai gabatarwa ya lallaɓo ya karɓe makirufo yana murmushin yaƙe. Bayan ɗan lokaci aka kira Tauraruwa. Aka sa faifan waƙar taga, ta fito tana motsa baki tana dafa ƙirji, zauren ya ɗauka kamar zai tsage. Hawainiya tana tsaye a bayan labule tsakanin wayoyin lantarki da akwatunan makaɗa, tana jin inda ta ja numfashi a baiti na biyu, tana jin mata suna kuka saboda shi.

Tauraruwa ba muguwa ba ce. Da ta sauko ta rungume ta, duk jikinta turare da gumi.

"Anti, wallahi kullum ina faɗa musu ke ce."

"A ina kike faɗa? A banɗaki?"

Daga nan Hawainiya ta rantse sai ta fitar da faifanta. Ta matsa wa Injiniya har ya gaji ya ba ta sitidiyo a ranakun da babu baƙi. Ta zuba duk abin da ta iya: mai sanyi, mai zafi, ta reno, ta rawa, har da wadda ta yi muryar miji da mata suna faɗa. Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya yarda. Amma mai shagon faifai ya saurara ya sosa ƙeya.

"Baiwar Allah, a wane layi zan ajiye wannan? Mai neman na rawa zai ce ya yi sanyi, mai neman na kuka zai ce ya yi hayaniya. Ki tsaya wuri ɗaya mana a san ki."

A gidan rediyo kuwa mai shiri ya sa waƙoƙi uku a jere, ya ce wa masu sauraro sun ji haɗakar wasu sababbin mawaƙa mata, Allah ya ƙara musu basira. Kwalayen faifan suka ƙare a ƙarƙashin gadonta, yara suna zaro fayafayan suna madubi da su.

Shekaru suka tura. Furfura ta fara leƙowa, sai ga Darakta ya sake kira. Wannan karon, in ji shi, fuskarta yake so. Labarin wata tsohuwar mawaƙiya ce da ke riƙon 'yar ƙanwarta tana gallaza mata, kuma akwai wurin da za ta tuna ƙuruciya ta rera waƙa a gaban madubi. Hawainiya ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta haddace maganganunta har da na sauran 'yan wasa. Ta jure zaman jira a rana, ta jure hodar da ake shafa mata kamar ana fentin bango, ta jure "a sake" har sai da ƙafafunta suka kumbura.

Ranar ɗaukar waƙar, ta tsaya gaban madubi ta gyara murya. Darakta ya ɗaga hannu.

"Anti, ba sai kin wahalar da kanki ba. Baki kawai za ki motsa. Mun riga mun ɗauki waƙar."

"Kun ɗauka? Da muryar wa?"

"Wata yarinya ce sabuwa, ita ake yayi yanzu. Kin san matasa su ne masu kallo."

"Darakta, ni fa mawaƙiya ce. Mawaƙiya kuma nake fitowa a fim ɗin nan."

"Shi ya sa muka ɗauko ki, ai kin san yadda ake motsa bakin."

Ta dube shi, ta dubi masu riƙe da fitilu da suka sunkuyar da kai. Ta yi niyyar cire ɗankwalin wasan ta jefa masa ta kama hanya. Amma aka kunna waƙar, ta ji yarinyar tana yanke numfashi a tsakiyar kalma, abin ya dame ta fiye da cin fuskar.

"Kashe! Wa ya koya mata numfashi a nan? Ba zan motsa bakina a kan wannan ɓarnar ba. Ku kira min ita."

Washegari ta wuni da yarinyar a ɗakin katifu tana nuna mata inda ake ɗaukar iska da inda ake sakinta, tana faɗa tana gyarawa. Yarinyar ta rera, waƙa ta zauna daram. Sannan Hawainiya ta koma gaban madubi ta motsa baki, ko ɗigo ba ta kuskure ba.

Fim ɗin ya karɓu, yarinyar ta samu lambar yabo. Hawainiya ma a ƙarshe an san fuskarta. Ta shiga kasuwa sayen kayan miya, wata mai tumatir ta ƙura mata ido, sai ta janye tirenta.

"Ke ce muguwar innar nan! Ki ji tsoron Allah, marainiya ce fa. Ba zan sayar miki ba."

Ta dawo gida da kwando rabi, ta cika ta yi fam. Mijin yana tsakar gida ya kwantar da wani firij yana duba bayansa. Ta zayyana masa, ya ce ai wannan shaida ce ta iya wasa. Ta ce idan ya ƙara magana shi da firij ɗin za su kwana a waje.

Ana haka wayarta ta yi ƙara. Injiniya ne, shi ma ya tsufa, sai ya yi tari kafin ya yi magana. Wai masu shirin yara na talabijin suna neman wanda zai yi muryar akuya mai waƙa, an gwada mutum biyar ba a dace ba.

"Akuya, Injiniya? Da girmana da 'ya'yana?"

"Haba ƙanwata. Su waɗancan kuka kawai suke yi, babu waƙa a ciki."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta kashe wayar. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Can mijin ya jiyo ta a kicin tana gwadawa ƙasa-ƙasa, tana karkarwa da maƙogwaro tana hawa tana sauka, har akuyar maƙwabta ta amsa daga bayan katanga. Ta leƙo ta taga, fuska a murtuke.

"Baban yara, gobe kai za ka kai yara makaranta. Da sassafe zan fita."