Gwaggona Ta Mai Da Kaina Abin Talla

A shekarun da Nasara ke shirin barin ƙasar nan, ni budurwa ce a Filingue, marar baki, mai tsoron manya. Allah ya ba ni gashi mai yawa da kauri, irin wanda mataji ke karyewa a cikinsa. Uwata ta rasu ina ƙarama, sai gwaggona, yayar babana, ta ɗauke ni. Makitsiya ce da ta yi suna tun daga Sanam har Damana, kuma ina gaya muku ba tausayi ya sa ta ɗauke ni ba, gashin ta gani.

Duk jajibirin kasuwa sai ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, ta yi mini doka. Ta cusa tsumma a tsakiya don ta yi tudu, ta ja gashin har girata ta ɗage, sannan ta rataya azurfa da murjani a kowane gefe. Da safe ta zaunar da ni bakin rumfarta. Matan fatake da matan tsoffin soja su zo su juya kaina kamar masu tayin ƙwarya, su ce irin wannan suke so. Ni kuwa ko tauna ba na iya yi, barci ma sai rub da ciki.

Ciwon kai ya zame mini abokin zama. Yakan taso daga ƙeya ya sauko cikin idanuna har in yi amai. Da na yi ƙara, gwaggo ta ce lalaci ne. Da abin ya ƙi ɓoyuwa, ta ce bakin mutane ne ya kama ni, daga baya ta ce iskoki ne. Aka turara ni, aka kafa mini ƙaho, ba a taɓa kwance kitson ba. Magana ta bazu a unguwa cewa ina da iska, ƙawayena suka daina zuwa rijiya da ni. Ni kaina na yarda hauka nake shirin yi, kuma wannan tsoron ya fi ciwon cin raina.

Bayan girbi babana ya shigo daga ƙauye, ya tarar gaban goshina duk ƙuraje ne, suna ruwa. Ya kira wanzami ya ce a aske a yi mini tsaga. Gwaggo ta yi ta kururuwa kamar rumbunta ne ke cin wuta, amma bai saurare ta ba. Aska na gama bin kaina na ji iska ta taɓa fatar, nauyin ya sauka. Ciwon bai sake dawowa ba, kowa ya yi ta yabon hannun wanzami.

Ban san gaskiya ba sai wata rana ina daka bayan zana. Aminiyar gwaggo ta kawo 'yarta mai gashi irin nawa, a yi mata doka. Da kunnena na ji gwaggo ta hana ta, ta ce gashi mai nauyi ba ya son matsi, tsaga kai yake yi ya cinye goshi, a bar yarinya da manyan kalaba sako-sako. Na yar da taɓarya na fito, na tambayi gwaggo ashe ta sani. Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce matsattsen kitso shi ke jan ido, kuma ai ban mutu ba.

Gashina ya sake fitowa, na tara shi da kalaba sako-sako ba tare da ciwo ba, amma na gaban goshi ya tafi ke nan. Abin da na koya shi ne, mai cutar da kai yakan san sarai abin da yake yi. Iyaye mata, in yarinya ta ce kitso na yi mata ciwo, ku kwance shi kafin ku nemi mai turare. Kada ku ba da 'ya'yanku riƙo ba tare da kun bi sawu ba. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, 'yan uwa sun yi ta cewa in yafe mata. Na gwada, Allah ya gani, amma har yau ban iya ba.