Tsohuwar da Ta Zo Neman Hausawi

Ɗana na biyu ya taɓa aiki a Jidda da wasu magina mutanen Koriya. Wata rana ya dawo yana dariya, wai su can sunayen iyali kaɗan ne, sai ka tarar rabin ma'aikata suna ɗaya suke amsawa, in kana son rarrabe su sai ka tambayi garin da kakan kakansu ya fito. Ya ɗauka zan yi mamaki. Na ce masa ai gara su, tun da sun riƙe garin. Mu da aka zuba a kwando ɗaya aka rufe fa?

Iyayenmu ba da wannan suna suka iso Makka ba. Kowa da sunansa da na ubansa, in ana son ƙari a ce Bakano, ko Bazazzagi, ko Bagobiri. Balaraben kanti kuwa ba ruwansa, in ya ji mutum yana Hausa sai ya ce "ya Hausawi". Da hukuma ta fara ba da takardar zama ɗan ƙasa, magatakarda ya tambayi babana laƙabin gidansu. Baba ya gyara zama ya fara jero kakanni, mutumin ya gaji ya rubuta abin da ya saba ji. Haka aka yi wa tela maƙwabcinmu, haka aka yi wa mai tsire, har da wani Bazabarme da bai iya Hausar kirki ba. Baba har ya rasu yana jin haushin abin. Ni da aka haifa a unguwar Jarwal, nan Makka, ban ga aibinsa ba, sai shekarar da tsohuwar nan ta faɗo mana.

Lokacin ina goyon ɗana na fari, an sauko daga Arfa ke nan. Muɗawwifin ayarinsu, wato mai kula da alhazai, shi ya kawo ta ƙofarmu ya ce wa surukata tsohuwar ta ishe shi, kullum sai ta tare shi ta ce ya kai ta gidan Hausawi. Ƙanƙanuwar tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ɗanta ya bar gida tun yana saurayi, ya nufo gabas a ƙafa, shiru har gashinta ya yi fari. Sai wani alhaji da ya koma ya ce mata ya gan shi a Makka, ana ce masa Hausawi. Ta taso tare da ƙanenta, ƙanen ya rasu a Sudan, ta ƙaraso cikin mutanen da ba su san ta ba. Ayarin kuma zai tashi Jidda bayan Juma'a mai zuwa, jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Surukata ta ce ni ce mai sauran ƙafa, ni zan raka ta. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ma Hausawi ce. Mijina haka, wannan na bayana ma haka. Mene ne sunansa na yanka?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Surukata ta zungure ni. "Ɗan fari ne, ke."

Na san da al'adar, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Amma na ɗauka wadda ta ƙetare teku ai ta bar kunyar a waccan gaɓar. Na ce to sunan babansa fa? Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "'Yar nan ba ki da ta ido? Mijin nawa zan kama sunansa?"

Kai, ranar na ga ta kaina! Ƙarshe dabara na yi, na riƙa jero sunayen maza ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai, har na zo kan wani ta sunkuyar. Na dafe ƙirji. Sunan nan ne da ba gidan Musulmi da babu mai shi, wani gidan ma su uku. Ga shi nan, ga Hausawi. Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka ɗauka.

Muka shiga yawo, ni da goyo, ita da sanda, ranar Makka tana dukan ƙeyarmu. Muka gama Jarwal muka nufi Mansur, wadda a lokacin rumfunan buhu da gwangwani ce kawai. Da farko nakan yi bayani a kowace ƙofa, wata uwa ce ta zo neman ɗanta. Sai na ga ba za mu kai ko'ina ba, don kowa ya baro uwa a gida. Ƙato da gemu sai ya zauna a dokin ƙofa ya kama hawaye, a kawo gahawa, a tambayi ko an yi damina, hantsi ya wuce muna gida ɗaya. Na daina. In an nuna mini mai sunan sai in ce, "Malam, fito a gan ka," shi ke nan.

Ita kuwa ta kalli mutum daga sama har ƙasa ta ce, "Ba shi ba ne, wannan kunnuwansa sun yi faɗi." Wani ta ce gajere ne, wani ta ce idonsa na marowata ne, a gabansa, ni ce mai ba da haƙuri. A hanya kuma faɗa take yi mini. Ta ji na kira ɗana da sunansa, ta tsaya cak ta yi salati, wai zaman Larabawa ya cinye mana kunya. Na ce a raina, kunyar taki ga inda ta kawo mu.

A ƙarshen Mansur aka nuna mana wani mai ɗaukar ruwa. Ya fito da sandarsa a kafaɗa, gwangwani biyu suna lilo, furfura ta fara cin gemunsa. Na juya in ji abin da za ta kushe, sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta juya tana fuskantar bango. Na ce rana ce ta buge ta. Na ba mutumin haƙuri, ya wuce abinsa, na ja hannunta muka koma gida.

Daga ranar ta ce ba ta ƙara fita. Ta wanke zanenta, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Kowace safiya ta dama fura ta rufe da faifai, ba ta sha, ba ta ba kowa, sai ta yi tsami a zubar. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ce, "Haba Inna, kwanaki suna ƙarewa, saura unguwanni!" Ta ce ƙafarta ke ciwo. Wallahi kamar in fashe. Na bar girkina, ɗana ya yi ƙurajen zafi, duk aikin baban giwa.

Safiyar tafiya, an riga an ɗauke ta zuwa inda motar Jidda ke lodi, ina share inda ta zauna ina mita. Surukata ta ce in ba ta labarin yawon namu tiryan-tiryan. Ina kaiwa kan mai ruwa ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Duk sauran ta kalle su?"

"Har da zagi."

"Shi kaɗai ta juya wa baya?" Ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ke, uwa tana ƙare wa ɗan fari kallo a gaban mutane? Shi ne! Furar nan shi take jira, ta ɗauka kin gane za ki turo shi."

To don Allah ta yaya zan gane? Baki gare ta, ko ƙafata ta taka ai da na fahimta. Na miƙa wa surukata yaron, na zura da gudu ko takalmi babu. Na same shi a layin ruwa, na ce, "Tsohuwar rannan mahaifiyarka ce, motarsu na shirin tashi." Ya saki sandar, ruwan ya malale.

Mun tarar an gama ɗaure kaya, direba yana ta "yalla, yalla". Tana zaune a gefe, jikin katakon motar. Da ta hango mu sai ta sake jan mayafin nan ta kau da kai. Ya kama katakon ya ce, "Inna." Ya sake cewa, "Inna, ni ne." Ya roƙe ta ta sauko ta zauna wurinsa, yana da ɗaki, yana da 'ya'ya ba ta gan su ba.

Ni ta yi wa magana. "'Yar nan, ki ce masa na baro marayun ƙanena, ba mai riƙe su sai ni. Ki ce masa ya rame. Ki ce masa na yafe masa duniya da lahira."

Na ce, "Inna, ga shi nan a gabanki, ki faɗa masa da kanki mana!" Ina faɗa ina kuka, don haushi da tausayi sun haɗe mini. Ba ta juyo ba. Sai hannunta ya fito ta tsakanin katako, ya lalubo kansa, ya ture hular, ya dafe. Motar ta motsa, yana binta, hannun na kansa, har gudun ya fi ƙarfinsa.

Ya daɗe a tsaye a tsakiyar hanya. Da ya dawo na miƙa masa hularsa, ya karɓa yana juya ta. Can ya ce, "'Yar'uwa, ke da kika zauna da ita, yaya fuskarta take yanzu? Ta tsufa ƙwarai?"