Bawa Maƙeri da Marin da Ya Ƙi Ƙerawa

Ranar da na yi faɗa da Bawa Maƙeri, rabin kasuwar Gwandu sai da ta bar ciniki ta zo kallo. Masu boko sun ce a 1954 ne. Ni dai abin da na riƙe, an gama yankan gero, dawa tana jiran lauje.

Mari ne ya kai ni maƙerarsa, wato ƙarfen nan da ake sa wa mai taɓin hankali a ƙafa don kada ya fita. Ɗana na fari nake so a sa wa. Mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, saboda haka in kun ji sunansa a labarin nan, daga bakin wani ya fito, ni maimaitawa na yi.

Magidanci ne, da matarsa Kubura da 'ya'ya biyu da gona mai kyau a hanyar Dalijan. Ba a yi masa mutuwa ba, rumbunsa bai ƙone ba. Haka kawai ya daina magana, ya daina cin abinci, ya juya wa bango fuska. In ya buɗe baki, sai ya ce shi nauyi ne a kan mutane. An sha rubutu, an yi turare. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iskar fadama ce. Ranar da Kubura ta same shi zaune bakin rijiya tun hantsi har azahar, babu guga a hannunsa, ranar na ja mayafi na nufi maƙera.

"Bawa, mari nake so, yau ɗin nan."

Bai ɗago ba. "Na wa, Inna Azumi?"

"Na mai gidan Kubura."

Ya ajiye masaba a kan uwar maƙera. "Ba ni ƙera wanga abu."

"Ba ka iya ba ne, ko raini ne?"

"Na iya. Ba ni yi."

To, nan fa bakina ya ɓalle. Na ce masa baƙon Kalgo mai kunnuwa kamar faifai. Na ce fartanyar da ya yi mini bara ko ciyawa dariya take mata. Na ce in wani abu ya sami yaron nan, ni da shi har gaban alƙali. Ban tsaya ba sai da makogwarona ya bushe. Duk abin da ya ce mini shi ne, "Inna, matsa baya, tartsatsi zai ƙona miki zane."

Bawa gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ba ya ji sosai saboda ƙarar ƙarfe. Ya zo Gwandu kusan shekara goma kafin nan, shi da matarsa Hauwa'u da kayan ƙira a bayan jaki. Ba wanda ya san abin da ya raba shi da Kalgo, alhali can ne maƙerar kakansa. Ba ya hira a dandali. In ka kai masa garma ya gyara, ka ce sannu, ya ce yauwa, shi ke nan.

Na yi niyyar aikawa Ceberu wurin wani maƙerin. Kafin in samu mai zuwa, sai ga abin mamaki. Kwana shida da faɗan, yaron ya tashi da kansa, ya yi wanka, ya je wurin wanzami aka yi masa aski. Ya dawo ya cinye tuwo malmala biyu. Har murmushi ya yi wa ɗiyarsa! Daga nan ya shiga gari gida-gida yana neman gafara. Ya je wa liman, ya je wa surukansa, ya je wa wani maƙwabci da suka taɓa jayayya kan iyakar gona. Ya ba ɗan baffansa jakinsa. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce tafiya za ya yi.

Kun san al'adarmu. Mai neman gafara gida-gida, tafiya ce mai nisa a gabansa, ko cin rani, ko gabas a ƙafa. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har kaji suka watse. Na jiƙa gero, na soya, na daka dakuwa, na cika masa jakar guzuri. Na bi maƙwabta ina cewa, "Ya warke! Wa ya sani ko Makka Allah ya kira shi!" Har saƙo na aika wa Bawa cewa ya jiƙa ƙarfensa ya sha.

Washegari da hantsi ina tankaɗe, sai na ji sallama a ƙofar gida kamar ana gobara. Bawa ne, hannu baƙi ƙirin, yana haki.

"Inna, ina Atiku?"

"Ya fita tun da safe. Ka zo taya murna ne, ko kunya ce ta kawo ka?"

"Wane gari ya ce za shi?"

Na ajiye rariya, shi kuwa bai tsaya ba.

"Da wane ayari? Wa za ya sauka wurinsa?"

Na juya na dubi Kubura, ita ma ta dube ni.

"Ku duba ɗakinsa," in ji Bawa.

Kubura ta shiga ta fito da jakar guzurin a hannu. Ta ce sandarsa na nan, takalminsa na nan, gorar ruwansa na rataye.

Bawa ya ce, "Da safen nan ya kawo mini garmarsa, ya ce in ba wanda na ga dama, ya ce in yafe masa. Ƙarfe na cikin wuta, na ce na yafe ban ko dube shi ba. Sai da ya ɓace hankalina ya dawo. Inna, ƙanena haka ya yi a Kalgo. Wagga ba tafiyar da ake dawowa ba ce."

Ni da gwiwata ke hana ni ruku'u sosai, ranar na yi gudu. Na ɗaure zane a ƙugu, takalmi ɗaya ya fita ban waiwaya ba. Kubura na baya da goyo, Bawa na gaba yana tare duk wanda ya gani: "Ka ga Atiku? Ta ina ya bi?" Wata mai tallar nono ta nuna mana hanyar Dalijan. Muka wuce gonarsa, ba ya nan. Muka gangara fadama. Can ƙarƙashin wata kanya a bakin ruwa muka hango shi zaune, ya naɗe rigarsa ya ajiye gefe.

Zan kurma ihu, Bawa ya ɗaga mini hannu. "Kada ku yi kuka, kada ku cafke shi. Ku zauna nan inda za ya gan ku."

Ya taka a hankali ya zauna kusa da shi, ya juyo masa kunnen da ke ji. Sai da numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce, "Atiku, tafiyar nan da kake faɗi, kashe kanka kake nufi?"

Wallahi saura kaɗan in tashi in kwaɗa masa takalmin da ya rage mini. A wurinmu ba a furta irin wannan magana, gani muke faɗinta kiranta ne. Amma yaron bai zabura ba. Kafaɗunsa suka saki, ya fashe da kuka irin wanda ban ji daga gare shi ba tun yana goye.

"Na gaji, Baba Bawa. Ban san mi ya gajiyar da ni ba."

"Na sani," in ji Bawa. A nan, bakin ruwan nan, muka ji abin da ya fitar da shi daga Kalgo. Ƙanensa Lawali ya yi irin wannan ciwo. Mahaifinsu ya ce a sa masa mari, Bawa ya ƙera da hannunsa, ya goge bakinsa sumul don kada ya ci masa ƙafa. Shekara biyu Lawali na ɗakin baya, ana tura masa abinci, ba mai zama da shi. Rana ɗaya ya natsu, ya nemi gafarar kowa. Suka yi murna, suka cire marin, suka ce ya warke. A makon suka rufe shi a kabari.

"Shekara biyu ina gyara masa ƙarfe," in ji Bawa, "ban taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba. Ka ji ni, Atiku. Wanga ciwo ne, kamar ciwon ƙirji. Shina tashi, shina kwantawa, kuma ba laifinka ba ne. Abin da shike gaya maka cewa kai nauyi ne, ƙarya shike yi. Dubi can, ga tsohuwa ta yi gudu da takalmi ɗaya. Ba ni ce maka ka warke yau. Yau dai ka fasa tafiyar. Zo ka zuga mini wuta, na bar ƙarfe ya huce saboda kai."

Can yaron ya miƙa hannu ya ɗauki rigarsa. Muka dawo gari a jere, shi a tsakiya, ni ina ɗingishi ina godiya ga Allah da ƙarfi har mutanen hanya na tsayawa.

Daga ranar Bawa ya tsara mana zama. Da safe ya biyo ya tafi da shi maƙera, ya zaunar da shi gindin zugazugi. Da azahar liman ya karɓe shi, da la'asar ya dawo hannun Kubura. Ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma kulle shi. Bawa ne ya matsa sai da aka shiga mota aka kai shi asibitin Birnin Kebbi, aka ba shi maganin da ya sa ya riƙa barci yana cin abinci. Rubutu ma ba mu daina ba. Kuma kullum Bawa sai ya tambaye shi, gaba da gaba, ko tunanin nan ya zo masa yau.

Kada ku zaci abin ya tafi sumul. Da damina ta faɗi, ciwon ya dawo, kuma ya tarar da Bawa kwance da zazzaɓi. Na je gaishe shi, ya ce, "Inna, yau ke za ki tambaye shi."

"Ni? Ɗan farin nawa? Zazzaɓin ya taɓa maka kai."

"Matarsa tsoro take ji. Liman wa'azi za ya yi masa. Ke ce."

"Shekara talatin da biyu ban hau tabarma ɗaya da shi ba, Bawa. Mi mutane za su ce?"

"Su ce. Ni na ji abin da mutane ke cewa a gidan makoki, ba shi da wani amfani."

Na fito ina zaginsa a zuci, na shiga gida na tarar da yaron a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Na zagaya tsakar gida sau uku kamar mai neman allura. Daga ƙarshe na ja tabarmar na zauna, na kira sunansa. Ya ɗago a firgice, ya dube ni, sai dariya ta kufce masa.

"Inna, ashe kin san sunana?"

"Ni na ji lokacin da aka raɗa maka shi, ɗan nema. Faɗa mini, tunanin nan ya zo maka yau?"

Ya ce ya zo. Muka zauna har rana ta yi sanyi, yana faɗa ina saurare, wanda shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi da wannan baki nawa.

Bayan haka Bawa, mutumin da ba ya magana, ya zama ba ya shiru. Duk wanda ya je maƙera neman mari, sai Bawa ya ba shi wurin zama ya ba shi labarin Lawali tun daga farko. Ranar kasuwa har masu kawo lauje gyara sai sun ji. Ni kuma na ɗauki ɓangaren mata. Gidan suna, gidan biki, bakin rijiya, ba inda ban faɗa ba: in mai irin wannan ciwo ya tashi rana ɗaya yana rabon kayansa yana neman gafara, kada ku yi guɗa kamar yadda na yi, ku tambaye shi garin da za shi, ku tambaye shi abin da ke ransa, kada ku bar shi shi kaɗai. Wasu suka ce tsufa ya kama ni. Na ce su zo su kama ni su gani. A Ceberu mun sa an kwance wata Hajara da ta shekara ɗaure a turu, yanzu ita ke yi wa rabin garin kitso. Ba kowa muka samu ba. Akwai wani a Dalijan da labarinsa bai iso mu ba sai bayan an gama, Bawa ya yi kwana uku bai hura wuta ba.

Shekara biyar da faɗanmu, aka aiko masa daga Kalgo cewa Madina, ɗiyar da Lawali ya bari, ta fara juya wa bango fuska, kuma dangi sun soma maganar ƙarfe. Bai kwana biyu ba ya ɗaure kayan ƙira, ya ce ya koma gida ke nan. A can ya ƙare kwanakinsa shekarar da ta biyo, Allah ya jiƙansa, bayan Madina ta tashi ta kama sana'arta. Ganina da shi na ƙarshe a tashar mota ne. Hauwa'u ta riga ta hau, direba na ta danna ƙaho, shi kuwa ya ƙi hawa, sai waige yake.

"Inna Azumi, Atiku fa? In damina ta zo..."

Na ce, "Damina ta zo ta same ni. Mutumin da tun asuba yake faɗa da ni kan wane iri za a shuka baɗi, har yana ce mini ban san gero ba? Shina lahiya, in kuma ya tashi ba lahiya, ina nan zaune kusa da shi. Hau mota, ka tsai da mutane. Ka gaya wa mutanen Kalgo su saurare ka da daɗi, don in ba su ji naka ba, ni zan zo da kaina, kuma ka san bakina."