Ragon da Dangi Suka Ci Don Kare Martabar Gida

Shekaru sun ja, gemu ya yi fari, al'amura da dama sun ɓace mini, amma taron da aka yi a zaurena na Gummi lokacin da ɗana ya nemi sauya jami'a yana nan daram a zuciyata, ban kuma sa ran gushewarsa ba.

A zamanin da fataucin hatsi yake yi da ni, na kai yaron wata jami'ar kuɗi a can nesa, yana karatun likita. Dangi suka ɗauki abin tamkar nasu. Tun yana shekarar farko gwaggonsa take miƙa masa hannu ya ji bugun jininta. Daga baya al'amura suka juya. Gonata ta wajen Gwashi ta gagari shiga saboda rashin tsaro, jari ya karye. Yaron da kansa ya durƙusa gabana ya ce ya bincika, jami'ar gwamnati ta kusa da gida za ta karɓe shi, sai dai za a mayar da shi baya da shekara guda. In kuwa aka yi jinkiri har aka rufe karɓa, zai rasa can ya rasa nan.

Na amince a raina. Sai dai a gidanmu, tun kakanni, ba a yanke babban al'amari sai an kira dangi. Yayana ya taso daga Anka, ɗan baffana daga Bukkuyum, kowanne da 'yan rakiyarsa. Baƙi irin waɗannan ba a tarbarsu da miyar kuka zalla. Abin da ya rage mini mai daraja shi ne ragon da na turke domin in sayar in kama wa yaron ɗaki a sabuwar makarantar. Aka yanka.

Sai da aka suɗe kwano sannan yayana ya gyara rawani, ya dube ni, ya ce, "Kai, mi za ni ce ma mutanen Anka? Yaron da munka gaya ma duniya yana makarantar 'ya'yan manya, shi za a maido ƙofar gida?" Ɗan baffana ya ce gidanmu bai taɓa ja da baya ba. Gwaggo ta aiko daga cikin gida cewa ita ba ta yarda da likitan kusa ba.

Na tambaya cikin ladabi, to wa zai ɗauki nauyi? Can yayana ya ce akwai wani babban mutum da suka taɓa gaisawa a wurin jana'iza, zai neme shi. Ɗan baffana ya yi alkawarin maraƙi in saniyarsa ta haihu. Da na tambayi watannin cikinta, ya ce ai bana ake sa ran ta ɗauka. Sauran suka ɗauki nauyin addu'a. Aka yi fatiha a kan cewa a dakata tukuna. Da za su tafi kuma, bisa al'ada, ni na ba su kuɗin mota.

Na dawo daga rakiya na iske yaron yana naɗe tabarmi. Ya ce, "Baba, a dakata ɗin na kwana nawa ne?" Na ce dakatawar tasu ce, shi ya haɗa kayansa. Washegari da hantsi na sa shi mota ban sanar da kowa ba. Zangon farko duka a tsakar ɗakin wani abokinsa ya kwana, domin ragon kuɗin ɗakinsa yana tumbin dangi.

Yau ya kammala, yana duba marasa lafiya. Yayana kuwa yana shaida wa mutanen Anka cewa shawararsa ce aka bi, ni ma ban taɓa ƙaryata shi ba, domin yaya ne.

Darasin da na ɗauka shi ne, martabar gida tana da masu tsaro da yawa matuƙar ba aljihunsu za a taɓa ba. Har yanzu ina kiran dangi shawara, domin zumunci wajibi ne. Sai dai nakan kira su bayan na gama aikin, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kowa ya ci abinci a gidansa.