Ranar da Malama Ta Zame a Banɗaki

Tela ake kiranta har yau, ko da yake ta daɗe da rabuwa da keken ɗinki. Idanunta ne suka gaji, zare ya daina shiga allura, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mijinta direba ne, ciwon baya ya zaunar da shi, ga yara a makaranta. Da ta ji ana neman mata masu zuwa gida-gida su kula da tsofaffi, sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta tafi, tana cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Anti Babba, gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ta ce Tela ta miƙo hannu, ta juya shi ta duba.

"Farcen nan a yanke shi. Fatar tsoho ba ta jure ƙarzuwa. Kina da haƙuri?"

"Anti, wadda ta yi wa amare ɗinki ai ta ga ƙarshen haƙuri."

Anti Babba ta yi dariya har da buga tebur, ta ɗauke ta aiki.

Ba ta taɓa tura sabuwar ma'aikaciya gidan mutane ita kaɗai ba. Da kanta ta raka Tela, ta naɗe hannun riga ta nuna mata yadda ake juya mara lafiya, yadda ake canza zanin gado da mutum a kwance, da yadda ake neman izinin tsoho kafin a taɓa shi ko da ba zai amsa ba.

Gidan da aka ba Tela na wata tsohuwar malamar makaranta ne, wadda mantuwa ta kama. Malama ta manta sunayen jikokinta, amma ba ta manta gyaran magana ba. In Tela ta yi kuskure a zance sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Maimaita!" Jininsu ya haɗu. Tela kan tsefe mata kai a bakin taga, ita kuma tana ba ta labarin ɗaliban da suka daɗe da yin furfura.

Wata safiya suna banɗaki, Tela ta gama yi mata wanka ta tsayar da ita, sai aka shiga buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ta ce, "Mama, dafa bango, yanzu zan dawo." Ashe mai kawo tukunyar gas ne. Kafin ta gama magana da shi ta ji faɗuwar.

Ta sami Malama a ƙasa, goshinta ya fashe, jini na bin ruwan wanka. Nan take ta kira Anti Babba a waya.

"Tana numfashi? Tana magana? To, kar ki ɗaga ta. Rufe ta da tawul, ki danne ciwon da tsumma mai tsabta. Ga ni nan tafe da mota. Ke ma ki ja numfashi."

A asibiti aka yi wa Malama ɗinki, likita ya ce babu karaya. Sai ga 'yar Malama ta taso daga wurin aiki, idanu jawur. Ta nufo Tela tana nuna ta da yatsa.

"Amana na ba ki! Uwata ce fa, ba tsumma ba!"

Tela ta sunkuyar da kai, ta riga ta ga aikin ya tafi. Anti Babba ta shiga tsakaninsu.

"Yaya, ki huce a kaina. Ta bar Mama a tsaye, wannan kuskure ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni na duba banɗakin nan tun farko, na ga babu abin riƙewa, ƙasan kuma da santsi, na ce zan yi magana, ban yi ba. Ni kuma na bar mata wankan ita kaɗai. Kaso mafi girma nawa ne."

'Yar Malama ta zauna a benci ta fashe da kuka. Anti Babba ta zauna kusa da ita har ta yi shiru.

A hanyar komawa Anti Babba ta tsayar da motar a gefen titi, ta juyo ga Tela.

"Yanzu saura ni da ke. Ko gobara ake yi a ƙofa, ba a barin tsoho a tsaye a kan jiƙaƙƙen ƙasa. Ki zaunar da shi tukuna. Kin ji?"

"Na ji, Anti. In kawo rigar aikin gobe?"

"Ki kawo ta a jikinki. Wa zai tsefe wa Malama kai, ni? Ko nawa ban iya ba."

Tela ta yi dariya da hawaye a fuska.

A makon nan Anti Babba ta bi gidajen da suke aiki kaf, tare da mai gyaran famfo, ana kafa ƙarfen riƙewa, ana sa kujerar wanka. Ta mai da wankan duk wanda ba ya iya tsayuwa aikin mutum biyu. A taron ma'aikata ta ba da labarin abin da ya faru, ba ta kama sunan kowa ba sai nata.

'Yar Malama ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Tela da kyau. Sannu a hankali ta sauko, har ta fara bar mata mabuɗin gida. Tela ce ta ci gaba da kula da Malama har rai ya yi halinsa, bayan shekara biyu, a kan gadonta, hannunta cikin na Tela. Anti Babba ta ba ta hutu, ta kuma je har gida ta yi mata gaisuwa kamar wadda ta rasa uwa.

Yanzu wani tsohon kafinta Tela take kula da shi a ƙarshen layinsu. Babbar 'yarta ta gama makaranta. In mijinta ya ji ta fara yi wa Anti Babba addu'a, sai ya gyara kwanciya ya ce, "Allah ya sa dai a rage mana ko kaɗan daga addu'ar nan."