Gorar da Na Soka a Ramin Ciyawa

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, malamin ne ya riga ni gajiya. Saboda haka abin da zan faɗa a kan ilimin kiwo, a saurare shi da ladabi.

Shanu uku gare ni a bayan gida, a ƙauyenmu kusa da Ambursa. Da huɗu ne. Bazara ta ci ɗaya: yunwa ta kwantar da ita, muka ɗaga ta da itace, ta sake zubewa, sai wuƙa. Cikin ukun akwai farar saniya da ta ɗauki ciki, haihuwarta kuma za ta faɗo a tsakiyar wata bazarar, lokacin da ko akuya ba ta samun abin tsinka. Na san in abinci ya gaza, sai in kora ta kasuwar Argungu tun tana iya zuwa da ƙafarta.

Ɗiyata, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci, ta yi karatun noma a Birnin Kebbi. Ta zo gida a ƙarshen damina ta ce, "Baba, bana ciyawa za mu binne."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Yaushe ta rasu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗanyar ciyawa, in aka daddatsa ta, aka danne a rami, aka hana ta iska, ba ta ruɓewa. Tsami take yi, ta zauna da ɗanyantakarta har rani ya wuce. Na ce to. Uban da ya biya kuɗin makaranta ba ya musu da abin da ya saya.

Muka haƙa rami a kan tudu, zurfinsa har ƙirjina, muka shimfiɗa baƙar leda mai kauri. Muka yanko harƙiya da kyasuwa da ɗanyen karan masara, muka bar su rabin yini suka yi yaushi, sannan aka sa adda. A zuba, a barbaɗa dusa, a tattake. Tattakewar nan ita ce aikin. Ni da furfurata na shiga rami ina tsalle, Uwata tana bakin rami tana cewa, "Gefe, Baba, gefe! Can iska take ɓuya."

Ina cikin haka sai ga abokina Bafillace, wanda muka tsufa muna tsokanar juna. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Malam, rawar mi ce wagga? Biki aka yi ba a gaya mani ba?"

"Ilimi ne. Matsa, kada ya fallatsar maka."

"Ni dai tun kakana ban ji saniya ta ci abin da aka tono daga ƙasa ba. Ko gafiya ka koma kiwo?"

Muka naɗe leda, muka bi da ƙasa, muka daɓe. Kafin Uwata ta koma birni ta ja mini kunne: kada a taɓa, kada a leƙa, sai ta dawo.

To, a nan ne nawa ilimin ya motsa. Ni na yi shekaru ina noman albasa a Augie, kuma duk wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san abu ɗaya: abin da ba ya shan iska, ruɓewa yake. Shinkafa ma sai ta sha rana take shiga buhu. Kwana uku ina zagaya tudun nan, tausayin ciyawa yana damuna. A rana ta huɗu na samo gora, na huda gaɓoɓinta, na soka ta a kusurwar gabas har ta fasa leda. Na rufe bakinta da ɗan kasko don kada a gani. Na ce a raina, yarinya ta yi nata, babba ya gyara.

Rani ya zo, harawa ta ƙare, bazara ta shigo da zafinta. Farar saniya ta fara nuna haƙarƙari, cikin ya yi mata nauyi, in za ta tashi sai ta yi shawara. Na aika wa Uwata. Ta zo, Bafillace ma ya zo ba da gayyata ba.

Ta kusurwar gabas muka fara buɗewa, don ni na nuna wurin da alfahari. Wari ya buge mu. Baƙar laka, da farar furfura a kanta ta fi tawa. Bafillace ya toshe hanci da rawani ya ce, "Madalla da ilimi."

Ni kam na riga na hango hanyar kasuwar Argungu. Uwata ta sa hannu ta zaro gorar, ta ɗaga ta sama.

"Baba, wannan fa?"

Na ce, "Wataƙila tsirowa ta yi."

"Da kasko a kanta?"

Ta ajiye gorar gefe. Ta karɓi shebur ta yi ta kwashe ruɓaɓɓen tana zubarwa. Kamu ɗaya, kamu biyu, a na uku sai launi ya sauya. Ciyawa ta fito kore-kore mai ruwan ɗorawa, da laima, tana ƙanshi kamar ƙullun koko da ya kwana. Ashe tsallen da na sha ya danne ta sosai, iskata ba ta yi nisa ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kashe da hannuna, sauran na nan lafiya.

Aka zuba wa farar saniya a kwando. Ta sansana, ta ɗaga kai ta dube ni, kamar ta san wanda ya yi aika-aikar. Sai ta sa baki. Bafillace ya tsuguna, ya ɗebi kaɗan ya murza, ya kai hanci, ya yi shiru. Shekara arba'in ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba.

Abin da ya rage ba zai ishi uku a ƙoshi ba, don haka biyun suka yi haƙuri da rabin ciki, mai ciki ta ci nata cikakke. Kullum mu ɗebi na yini mu mayar da leda mu danne, ni ne ma mai tsawata wa kowa a kan iska. Kafin ruwan farko ya sauka ta haifi maraƙi da hantsi, ta miƙe da kanta ba wanda ya kama ta, ta hau lasarsa.